Ban raka shi gida ba

Ni tela ne, da keken ɗinki nake ciyar da iyalina. Amma in ka shigo unguwarmu a Kano ka ce kana neman tela, sai an tambaye ka wanne. Ka ce Koci, ko ɗan firamare zai kawo ka ƙofar shagona. Tun 2008 ake kirana da wannan suna, kuma shekaru tara na farko da na yi ina amsa shi, babu wanda ya taɓa zaunar da ni ko na yini guda ya koya mini yadda ake riƙe 'ya'yan mutane a fili.

An haife ni a 1983. Mu ne yaran da suka kwana a gaban talabijin ɗin maƙwabta a 1996 lokacin da Najeriya ta ci zinare a Atlanta, mu ne kuma muka yi ta turmutsutsu a ƙofar filin wasa na Ƙofar Mata a 1999 da aka kawo gasar matasa ta duniya. Kowannenmu ya ɗauka shi ne Kanu na gaba. Kocinmu na lokacin tsohon ɗan wasa ne, Allah Ya jiƙansa, kuma ba zan zage shi ba, don abin da aka ba shi ne ya ba mu. A wurinsa ba a shan ruwa ana tsakiyar atisaye, wai ruwa yana sa nauyin jiki. In ka faɗi ka daɗe ba ka tashi ba, bulala ce za ta tashe ka. Maganin kowane rauni biyu ne, man zafi da "tashi, ai namiji ne kai". Muna tsoronsa, muna kuma ƙaunarsa kamar uba.

A 2003 gwiwata ta dama ta murɗe a wani wasa. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya matsa, ya ɗaure. Bayan mako uku koci ya ce yana bukatata, na naɗa bandeji na shiga. Minti goma na yi. Daga ranar ban sake buga ƙwallon kirki ba, kuma sai bayan shekaru wani likita ya ce mini jijiyar cikin gwiwar ce ta tsinke tun farko. Abin mamaki, ban taɓa ɗora wa koci laifi ba. Na ɗauka rashin sa'a ce tawa. Na koma shagon yayana na koyi ɗinki.

Yadda na zama koci ba wani dogon labari ba ne. Na sayi usur da ƙwallo biyu, na tara yaran layinmu a filin wata makarantar firamare, shi ke nan. Ba wanda ya tambaye ni takarda. Iyaye ma godiya suke yi, don yaron da ke fili da La'asar ba ya lungu wurin masu shaye-shaye, ba ya bin 'yan daba. Wannan gaskiya ne, har yau ina alfahari da shi. Filin kuwa in rani ya yi ƙasarsa kamar siminti take, ga tsakuwa, ga fasassun kwalabe ta gefen katanga. Turakun raga bututun ƙarfe ne da wani mai walda ya haɗa mana kyauta. Akwatin magani babu, sai ledar ruwa guda da nake saya ranar wasa. Muka fara cin kofuna a gasar unguwanni. Kuma, tunda na ce zan faɗi gaskiya, muna cinsu ne da 'yan shekara goma sha shida da sha bakwai a gasar 'yan ƙasa da sha uku. Kowa haka yake yi. A 2009 da aka yi gasar 'yan ƙasa da sha bakwai ta duniya a ƙasar nan, har Kano aka buga, muka ji FIFA ta kawo na'urar ɗaukar hoton wuyan hannu don gane shekarun 'yan wasa, mu dariya muka yi. A unguwa reza ce na'urarmu, a aske haɓa da safe a shiga fili da yamma.

Yaron da nake son ba da labarinsa ya zo wurina yana ɗan shekara goma. Mahaifinsa mai kayan miya ne a bakin kasuwa. Siriri ne, ba shi da ƙarfin ƙafa sosai, amma Allah Ya ba shi tsalle, in aka bugo kwana sai ka ga kansa ya fi na kowa tsawo. Shekarunsa na gaskiya ne, ba a rage masa ko ɗaya ba. Bayan makaranta yakan zo shago ya share mini, ya zauna yana koyon sa maɓalli, yana ba ni labarin Chelsea kamar da shi ake zaman hukumar kulob ɗin. Ni na yanka lambar jesinsa na ɗinka da hannuna, goma sha huɗu.

Wata Asabar ce a watan Fabrairu na 2017, sanyi ya fara ja da baya, ƙura ba ta gama sauka ba. Wasan kusa da na ƙarshe ne, kyautar kuwa kofi da jesi saiti guda. Bayan an dawo hutun rabin lokaci aka ɗago ƙwallo sama cikin da'irar gola. Ya tashi zai sa kai, golansu ya fito da gwiwa a gaba. Golan nan ko makaho ya shafa ya san ya wuce sha bakwai, amma da wane baki zan yi magana, ina da irinsa uku a cikin fili? Gwiwar ta same shi a gefen kai, tsakanin ido da kunne. Ƙarar har inda nake tsaye. Ya faɗo ƙasa bai motsa ba.

Muka ruga. Na fasa ruwan leda na sheƙa masa a fuska, wani yana masa fifita da riga, wani yana jan yatsun ƙafarsa, wani ya ɗago shi zaune yana jijjiga shi. Bai kai minti ɗaya ba ya buɗe ido. Abin da ya fara cewa shi ne, "Koci, ta shiga?" Kowa ya yi dariya, hankali ya kwanta. Na ɗaga masa yatsu uku na ce nawa ne, ya ce uku. Na duba wurin, ɗan kumburi ne, babu jini. Rashin jinin nan shi ya yaudare ni, don a iya sanina rauni shi ne abin da ido ya gani. Ya ce, "Koci, kaina yana ɗan sarawa." Ina da yara biyar a benci suna jira. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Ai namiji ne kai. Saura minti ashirin." Na tura shi ciki.

Ba zan ce ban taɓa ganin misali ba. Duk mai zuwa gidan kallo ya san hular da gola Petr Cech ya riƙa sawa, kuma ya san dalili: gwiwar ɗan wasa ce ta fasa masa ƙoƙon kai a wasan Chelsea da Reading a 2006. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 mun ga ɗan Jamus Christoph Kramer ya sha karo a kai, ya ci gaba da wasa kusan kwata, daga baya aka ji har alƙalin wasa ya tambaya ko wannan ne wasan ƙarshe. Mun mayar da abin barkwanci a majalisa. Ko sau ɗaya ban haɗa waɗannan da yaran da ke hannuna ba.

Mun ci wasan ɗaya da nema. Ana murna na hango shi a bayan raga ya durƙusa yana amai. Na ce ƙila abincin da ya ci kafin wasa ne. Na saya masa lemon kwalba, na ce wa wani abokinsa ya raka shi gida. Ni ban je ba. Na gaya wa kaina ina da ɗinkin biki da za a karɓa da daddare, kuma da gaske akwai ɗinkin. Amma akwai wani dalilin da na ɓoye wa kaina shekara da shekaru: na san in mahaifiyarsa ta ji ya suma a fili, ba za ta bar shi ya buga wasan ƙarshe ba.

Sauran labarin daga baya na ji shi. Ya gaya wa mahaifiyarsa kansa na ciwo, bai ce ya faɗi ba. Yaran ƙwallo ba sa faɗa, suna tsoron a hana su. Aka sayo masa maganin ciwon kai a kemis, ya sha, ya kwanta bayan Magariba ko tuwo bai ci ba. Cikin dare ta ji yana wani irin munshari da ba ta san shi da shi ba, ta ce gajiya ce. Da Asuba mahaifinsa ya tashe shi salla, bai tashi ba. Aka sa shi a adaidaita sahu. Asibitin farko ba su da na'urar hoton kai, aka tura su wani. Can aka yi hoto aka ga jini ya taru a cikin kansa. Ana shirin shiga da shi tiyata, wajen Azahar, rai ya yi halinsa. Bayan La'asar muka kai shi makwancinsa. Shekararsa goma sha uku.

A wurin zaman makoki mahaifinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Koci, kada ka sa wa ranka damuwa. Kwana ne ya ƙare. Ka riƙe mini shi da amana, na gode." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu ina zuwa ina zama a tabarma, maganar tana maƙale a wuyana. Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, na ce, "Baba, akwai abin da ban faɗa maka ba." Na faɗa masa komai, har da sumar, har da aman, har da dalilin da ya hana ni zuwa. Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Can ya ce, "Na ji. Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Mahaifiyarsa kuwa ba ta taɓa yi mini magana ba daga ranar har yau, kuma ban ga laifinta ba. Bayan kwana arba'in ta aiko ƙaninsa da jesin, an wanke an ninke.

Yaran sun so a buga wasan ƙarshe don tunawa da shi. Na ce a'a. Na raba musu ƙwallayen, na rataye usur a ƙusa, na rufe kulob.

Duk da haka ban san ainihin abin da ya kashe shi ba sai cikin azumin shekarar. Akwai wani likita da ke kawo mini shaddarsa duk salla. Ina gwada shi na ce, "Likita, wani abokina ne abu kaza ya faru da yaronsa." Ya saurare ni har na gama, sannan ya kama yatsana ya ɗora a gefen kaina. Ya ce ƙashin wurin nan ya fi na ko'ina siranta a ƙoƙon kai, kuma akwai jijiyar jini da ke bi ta ƙarƙashinsa. In ƙashin ya tsage jijiyar ta yanke, jini zai riƙa taruwa a hankali tsakanin ƙashi da fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Mutum zai iya suma ya farfaɗo, ya yi magana, ya yi tafiya, har ya yi dariya na wasu sa'o'i, alhali jinin yana ta danne ƙwaƙwalwa. Ya ce wannan farfaɗowar ita ce tarkon. Kuma in aka yi aiki da wuri aka zuƙe jinin, da yawa suna warkewa sarai.

Na ce, "Da an kai shi da yamman fa?"

Ya dube ni, na san ya gane babu wani aboki. Ya ce, "Malam, rai na Allah ne. Amma da an kawo shi da yamma, da mun sami abin yi. Minti ashirin ɗin da ya ƙara a fili kuskure ne babba. Wanda ya fi shi shi ne daren da ya kwana a gida, ba wanda ya san abin da zai lura da shi. Ba kai ka fasa masa kai ba. Sai dai kai ne babban da ya ga abin da ya faru."

Tef ɗin awo yana hannuna, na kasa karanta lambar.

Shekara biyu na yi ba na bi ta gaban filin. Barci ya ƙaurace mini, na rame har mahaifiyata ta fara karɓo mini rubutu. Matata takan farka ta same ni zaune a tsakar gida, ta ce, "Maigida, ƙaddara ce fa, ka bar wa Allah." Kowa haka yake cewa, kuma ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma na lura a bakin wasunmu kalmar ta zama bargon rufe sakaci. Na je wurin limamin masallacinmu na kwashe komai na gaya masa. Bai ce mini ba komai ba. Ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya, wannan haka yake, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Na tambaye shi ko akwai kaffara a kaina. Amsar da ya ba ni tsakanina da shi ce.

Abin da ya dawo da ni fili a 2019 ba shiri ba ne. Na je kai ɗinki wata unguwa, na ratsa ta wani fili, sai na ga ƙanin marigayin yana wasa. Na tsaya daga nesa. Kocinsu tsohon yarona ne, ɗaya daga cikin masu askin haɓar nan. Ana cikin wasa yara biyu suka yi karo da kai, ɗaya ya zauna a ƙasa ya dafe ƙeya. Sai na ji kocin ya ɗaga murya: "Tashi, ai namiji ne kai!" Da irin muryata, da irin yadda nake jan kalmar. Ban san lokacin da na jefar da ledar ɗinkin na shiga tsakiyar fili ba. A hanyar komawa gida na ƙirga, yarana huɗu ne suke da kulob nasu a lokacin, kowannensu da yara talatin ko fiye. Ashe rataye usur da na yi bai tsayar da komai ba. Abin da na koya musu yana nan yana aiki ko ba na wurin.

Na fara da kwas ɗin taimakon gaggawa na ƙungiyar Red Cross, 'yan kwanaki ne kawai. A rana ta farko malamin ya lissafo abin da ba a yi wa wanda ya faɗi bayan bugu a kai: ba a ɗaga shi, ba a jijjiga shi, ba a ɗura masa ruwa, don ƙila wuyansa ma ya taɓu. Kamar yana filinmu ranar Asabar ɗin nan yana rubutawa. Na koyi duba numfashi, da kwantar da wanda ya suma a gefensa in yana numfashi, da danna ƙirji in ba ya yi: dannawa 30, hura iska 2, da saurin 100 zuwa 120 a minti. Na koyi cewa cusa wa mai jijjiga cokali a baki cutarwa ce. Na koyi cewa yaron da zafi ya buge har ya rikice, sanyaya jikinsa ake fara yi nan take da duk ruwan da aka samu, ba a jira sai an isa asibiti. Ni da na shekara tara ina hana yara shan ruwa a garin da zafinsa ke haura 40 a watan Afrilu.

Lokacin kullen korona a 2020 ɗan yayana ya riƙa karanta mini abubuwa a waya yana fassarawa, don Turancina na awo da lissafin kuɗi ne. A nan na ji labarin Zackery Lystedt, wani yaro a jihar Washington ta Amurka. A 2006 ya bugu a kai yana wasan ƙwallon Amurka, aka mayar da shi fili, ya yanke jiki ya faɗi a ƙarshen wasan. Ya rayu, amma da naƙasa. Shekararsa goma sha uku. Da aka zo wurin shekarun na ce wa yaron ya dakata, na fita waje. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa: duk yaron da ake zargin ya bugu a kai a fitar da shi, kuma ba zai dawo ba sai da takardar ma'aikacin lafiya. Zuwa 2014 duk jihohin Amurka 50 sun yi irinta. A 2015 hukumar ƙwallon ƙafarsu ta hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa sa kai gaba ɗaya. Su yaro ɗaya ya faɗi suka canja doka. Mu namu ya faɗi, gasar ma ba a dakatar ba, wasu aka ba gurbinmu.

Ba a kai kaɗai abin yake ba. Iyayenmu suna ba da labarin Samuel Okwaraji da ya faɗi a filin wasa na ƙasa a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola. A watan Maris na 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a garin Lafiya ana wasan lig, shi ma bai tashi ba. Sai ga Christian Eriksen na Denmark a watan Yuni na 2021, muna gidan kallo zuciyarsa ta tsaya a gaban idonmu. Cikin daƙiƙoƙi an iso kansa, ana danna ƙirji, an kawo na'urar farfaɗo da zuciya. Mutumin nan ya dawo ya ci gaba da buga ƙwallo. Wani a bayana ya ce, "Kai, Turawa!" Ni kuwa hannun mai dannawar nake kallo, abin da aka koya mini ne a kan ɗan tsana, ba ƙari. Kanu ma da muke so mu zama, gwajin lafiyar da aka yi masa a Inter Milan bayan Atlanta ne ya gano ciwon zuciyarsa aka yi masa aiki. Da a filin unguwa ya tsaya, wa zai duba shi?

Daga baya na sami wani ɗan kwas na masu horar da yara, na biya da kuɗin ɗinkin salla. Na ƙaru, amma ina da ƙorafi. Matakan lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, suna nan, daga D zuwa C, B, A har na ƙwararru, ga kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas da ke horar da masu horarwa. Duk wannan na wanda yake neman aiki a babban kulob ne, mai kuɗin mota da masauki, mai jin Turanci. Yaran kuwa ba a hannunsu suke ba. Suna hannun teloli irina, da masu shago, da malaman firamare, da samarin da gwiwa ta hana su wasa. A Ingila ba ka riƙe yara a kulob mai rajista sai an binciki tarihinka, ka yi kwas ɗin kare yara da na taimakon gaggawa. Ban ce mu kwafo komai ba. Yini ɗaya da Hausa, a ajin firamare, da ma'aikacin jinya guda, ya isa ya hana abin da na yi. Kuma masu shirya gasar unguwanni da suke karɓar kuɗin rajista, me zai hana su ce ba za su karɓi kulob ba sai kocinsa ya yi wannan yinin? Na kai maganar wurare da dama. Ana cewa shawara ce mai kyau, a ba ni lemo, a raka ni ƙofa.

Sai na yi iya abin da hannuna ya kai. Na sake buɗe kulob, kuma duk yaron da zai shiga sai na je gidansu na zauna da mahaifinsa. Ina da littafi mai bangon kwali, a ciki akwai lambar wayar uba da ta uwa, da ko yaro yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko ya taɓa suma yana gudu. Shekaru kuwa daga rajistar makaranta nake ɗauka, abin da ya kore mini rabin gwanayena a mako guda. Turakun ƙarfen na naɗe su da soson tsohuwar katifa, na ɗinka musu riga da ragowar yadi, kowa ya zo sai ya yi dariya, raga da atamfa. Kafin a taɓa ƙwallo muna jeruwa mu taka filin daga wannan kai zuwa wancan muna tsintar kwalba da ƙusa. Jarkar ruwa tana gefen layi, mai jin ƙishi ba ya neman izini. Ƙananan ba sa sa kai a atisaye. Ranar wasa akwai mai adaidaita sahu da nake biya ya tsaya har a tashi. Ba yaron da ke kwana a gidana ko shagona, ko da tafiya za mu yi da sassafe, don akwai wata ɓarnar da ake yi wa yara a harkar nan wadda ba a son faɗa, kuma ƙa'idar da ba ta hau kaina ba ba zan iya ɗora wa wani ba.

Sai wata 'yar takarda da likitan nan ya taya ni rubutawa da Hausa, na buga da yawa. Duk yaron da ya bugu a kai, ni da kaina nake kai shi gida na miƙa wa iyayensa ita hannu da hannu. Ta ce kada a bar shi shi kaɗai, kuma a garzaya asibiti in ciwon kai yana ƙaruwa, ko yana ta amai, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa yana wuya, ko ya rikice, ko ya yi jijjiga, ko wani ɓarin jikinsa ya saki, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ruwa ko jini ya fito ta kunne ko hanci. Wanda ya suma kuwa, ko na daƙiƙa biyar ne, ba gida za mu ba, asibiti za mu. A 2024 FIFA da Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi gangamin wayar da kai a kan haka, suka ce alamun suna iya ɗaukar har sa'o'i 72 kafin su bayyana, na ƙara wannan a ƙasan takardar. Yaro ba ya komawa gasa sai bayan mako uku, kuma sai likita ya gan shi. Tsofaffin yarana huɗun nan, uku sun yarda sun zo na koya musu abin da na koya. Na huɗun ya ce tsufa ne ya sa ni tsoro.

Ba zan yi ƙarya na ce abin ya jawo mini farin jini ba. Kofi ya yi mana wuya. Ana kirana Koci Likita, ba kuma don yabo ba. Iyayen da ke mafarkin ɗansu zai zama Ahmed Musa suna kwashe su su kai inda ake cin wasa.

Bara muka kai wasan ƙarshe a karon farko tun da na dawo. Ana ɗaya da ɗaya, ɗan gabanmu, wanda duk ƙwallayen gasar shi ya ci mana, ya yi karo da kai da ɗan bayansu. Bai suma ba, nan da nan ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau. Na kira shi gefe na ce, "Wa ya ci ƙwallon ƙarshe?" Ya dube ni, ya dubi fili, ya ce, "Koci, an ci ne?" Shi ya ci ta, minti biyar da suka wuce. Na ɗaga hannu na nemi canji. Mahaifinsa yana cikin 'yan kallo, ya keto layi yana cewa, "Koci, mayar da shi! Ɗana ne, na yarda!" Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, yau ba zai koma ba." Aka ci mu biyu da ɗaya. Har ledar ruwa aka jefe ni da ita.

Na sa yaron a adaidaita sahu, mahaifinsa ya shiga yana huci, muka tafi asibiti. Likita ya duba shi ya ce girgizar ƙwaƙwalwa ce, a kai shi gida ya huta, a sa masa ido. Alhaji ya ce na sa shi asarar kofi da asarar kuɗin kati, kuma daga gobe ɗansa ya bar kulob ɗina. Na ce na ji, na miƙa masa takardar. Ƙarfe goma na dare na kira shi, ya ce yaro ya ci abinci. Ƙarfe biyu na sake kira. Ya ɗauka da muryar barci ya ce, "Koci, don girman Allah, na tashe shi ya amsa, ya san sunansa, ya san nawa. Ka bar mu mu yi barci." Na ba shi haƙuri na kashe wayar, na zauna a tsakar gida. Ana kiran assalatu na sake danna lambarsa.